Ina ake kai jiragen yaƙi idan an yi musu ritaya?

Tambaya: Mukan ji a labarai cewa rundunar sojan sama ta ƙasa kaza ta yi wa wasu jirage ritaya. To daga nan ina suke nufa? Narkar da su ake yi, ko sayarwa, ko kuwa barinsu ake yi su ruɓe a inda suka tsaya?

Amsa:

Duka ukun suna faruwa, malam, amma narkarwa ita ce matakin ƙarshe, kuma sau da yawa sai an shekara goma ko ashirin kafin a kai gare ta. Abu uku ne ke yanke wa jirgi hukunci bayan ya bar aiki: ko har yanzu akwai 'yan'uwansa da ke tashi suna buƙatar kayan jikinsa, ko an adana shi yadda ya kamata tun ranar da ya sauka, da kuma ko akwai wanda ba a so kayansa su faɗa hannunsa.

Da farko a san cewa yawancin jiragen da ake ajiyewa lafiyarsu ƙalau, da kansu suke tashi su je wurin ajiyar. Abin da ke ƙarewa shi ne ƙarfin gangar jiki. Duk juyin da jirgin yaƙi ya yi a sama, fukafukansa na lanƙwasawa su dawo, kuma a hankali ƙananan tsagu da ido ba ya gani suna fara fitowa a bakin ramukan ƙusoshi. Shi ya sa ake ƙidaya ran jirgi da awannin tashi. Samfuran F-16 na baya-bayan nan an ƙera su a kan awa 8,000, sai in an yi musu babban gyara na ƙarfafa jiki a kai su 12,000. Wani lokaci kuma kuɗi ne kawai: jirgin yana da sauran rai, amma kasafin rundunar ba zai ɗauki nauyinsa ba. A 2013 an ga jiragen dakon kaya C-27J sababbi fil, wasu daga masana'anta aka wuce da su wurin ajiya saboda rundunar saman Amurka ta fasa amfani da su. Daga baya aka raba su, 14 ga dakarun tsaron gaɓar teku, 7 ga rundunar ayyuka na musamman.

Wurin da ya fi kowanne girma a duniya a wannan harka yana sansanin Davis-Monthan, a birnin Tucson na jihar Arizona ta Amurka, ƙarƙashin rukunin da ake kira 309th AMARG. Filin ya kai eka 2,600, yana ɗauke da jirage sama da 3,000, kuma a 1973, da Amurka ta janye daga yaƙin Biyetnam, adadin ya haura 6,000. An buɗe shi a 1946 don ajiye jiragen B-29 da C-47 da suka yi saura daga yaƙin duniya na biyu, sannan a tsakiyar shekarun 1960 aka mayar da shi ma'ajiyar dukkan rundunonin ƙasar, har da ta ruwa.

Dalilin zaɓen wurin biyu ne. Ruwan sama a Tucson bai wuce milimita 300 a shekara ba, iskar kuma busasshiya ce, don haka tsatsa ba ta samun abin ci. Na biyu shi ne ƙasar wurin. A ƙarƙashin turɓayar akwai wani fako mai tauri kamar siminti, wanda ke ɗaukar nauyin ƙaton jirgin dakon kaya irin C-5 ba tare da tayoyinsa sun nutse ba. Ke nan ba sai an kashe kuɗin shimfiɗa kankare a faɗin eka dubu biyu da ɗari shida ba.

Ga abin da ake yi wa jirgi idan ya iso, domin a nan ne ake bambance ajiya da yasarwa.

Kafin komai sai an raba shi da duk abin da ke fashewa. Ana cire bindiga da harsasanta, da ƙananan nakiyoyin da ke cilla kujerar matuƙi waje, da waɗanda ke fasa gilashin saman kansa. Waɗannan suna da wa'adi, kuma idan suka daɗe a zafin rana ba a san halinsu ba. F-16 yana da wani ƙarin hatsari: yana ɗauke da tankin sinadarin haidirazin wanda ke kunna injin gaggawa, guba ce mai ƙona fata da huhu, sai ma'aikata masu rigar kariya ta musamman ke taɓa shi. Daga nan a cire na'urorin sirri, irin na sadarwa da na rikita radar maƙiyi, a kai su ɗaki mai tsaro. Sai a bi jirgin da takarda ana ƙirga abin da ke jikinsa ɗaya bayan ɗaya, da lambar kowanne.

Sai wanka. Jiragen rundunar ruwa su suka fi buƙatarsa, don gishirin teku yana shiga kowane lungu, kuma idan aka rufe jirgi da gishiri a ciki, zai ci alminiyam ɗin ko da a hamada ne.

Bayan wanka a zuƙe man jirgin kaf, a zuba wani siririn mai a tankunan, a tayar da injin ya ja shi na ɗan lokaci, sannan a sake zuƙewa. Abin da ake so shi ne wannan man ya shafe cikin tanki da famfo da bututu da bakin feshin mai. Idan aka tsallake wannan mataki, ragowar man jirgi yakan yi danƙo ya toshe ƙananan hanyoyi, ruwan da ya taru a gindin tanki ya haifi funfuna mai cin ƙarfe, robobin da ke hana yoyo kuma su bushe su tsattsage. Jirage da yawa da aka ajiye a ƙasashe daban-daban a nan suka mutu, alhali daga waje fentinsu na ƙyalli.

Mataki na ƙarshe shi ne rufewa. Ana toshe bakin inji da bayansa, a bi duk wata kafa da gaɓa da tef, sannan a fesa wata roba mai suna Spraylat. Ana fara fesa baƙa, wadda ke hana ƙura da ruwa da ƙwari shiga, sai a bi ta da fara a sama don ta mayar da hasken rana. Farin nan da ake gani a hotuna a kan gilashi da bayan jiragen, shi ne. Amfaninsa babba ne: jirgin da aka bari haka a ranar Arizona cikinsa na iya kaiwa digiri 90 a ma'aunin Celsius, wanda ke gasa wayoyi da na'urori, amma da wannan rufi zafin ciki ba ya ɗara na waje da fiye da digiri 8 ko makamancin haka. Idan an tashi buƙatar jirgin, ɓare robar ake yi kawai. Sai a ja shi zuwa layinsa, a ɗaure shi da wayar ƙarfe a turakun da aka kafa a ƙasa, saboda guguwar bazara tana iya ɗaga jirgin da aka cire wa inji ta kifar.

Ba duka ake yi wa ajiya iri ɗaya ba. Akwai aji huɗu. Aji na 1000 shi ne wanda ake sa ran zai sake tashi, ba a yarda a cire masa ko ƙusa ɗaya ba sai da izini daga sama, kuma duk shekara huɗu ana buɗe shi a duba a sake adanawa. Aji na 3000 na ɗan gajeren zama ne, ana tayar da injinsa a kai a kai, ana motsa shi don kada tayoyi su kwanta a gefe ɗaya, galibi kafin a miƙa shi ga wata ƙasa. Aji na 4000 shi ne wanda ma'aikatar tsaro ta gama da shi, yana jiran masu yanka. Aji na 2000 kuwa shi ne na cire kaya, kuma shi ne ainihin abin da ke riƙe da wurin.

Mai tsohuwar mota da ya taɓa shiga Ƙofar Ruwa a Kano neman abin da kamfani ya daina yi zai gane lissafin nan take. B-52, babban jirgin jefa bam na Amurka, na ƙarshensa ya fito daga masana'anta a 1962, kuma har yau 76 daga cikinsu na cikin rundunar. Kamfanonin da suka ƙera wasu sassansa sun daɗe da rufewa. Idan wani sashe ya lalace a sansani, ana aika buƙata Tucson, makanikai su je layin, su yanke robar, su ciro abin, a gwada shi, a naɗe a aika, sannan a sake rufe inda aka buɗe. Injuna, ƙafafun sauka, famfunan haidirolik, gilasai, har fiffike sukutum. Da wannan lissafin ne Amurka ta sayi jiragen Harrier 72 da Birtaniya ta ajiye, a 2011, a kan dala miliyan 180. Ba ta saye su don ta tashe su ba, kayan gyara take nema wa nata Harrier ɗin na sojan kundunbala na ruwa.

Wani abu da na waje ba sa lura da shi shi ne takardu. Kowane muhimmin sashe na jirgi yana da katin tarihinsa: yaushe aka ƙera shi, awa nawa ya yi, sau nawa ya sauka, wa ya gyara shi. Faifan da ke juyawa cikin inji yana da iyakar adadin kunnawa da kashewa, in ya wuce yana iya tarwatsewa a sama. Idan katin ya ɓata, babu injiniyan da zai sa hannu a ɗora shi a jirgi, ko da kuwa sabo ne. Jirgin da kundinsa ya ɓata ko ruwa ya ci, darajarsa ta koma ta kilo.

Dawowa aiki tana faruwa, amma ba wasa ba ce. A 2014 gobara ta lalata wani B-52 a sansanin Barksdale, sai aka ɗauko wani mai laƙabin Ghost Rider wanda ya kusa shekara bakwai a ajiye, ya tashi a Fabrairun 2015. Bayan wani ya yi hatsari a tsibirin Guam a 2016, aka sake ɗauko Wise Guy, wanda ke ajiye tun 2008, ya tashi a Mayun 2019. Shi wannan an tarar babu injuna biyu a jikinsa, akwai tsagu a ƙafar saukarsa ta baya, kuma sai da aka sauya tiyo-tiyon mai da tayoyi. Ƙa'idar ita ce ƙarfe yana jure hamada, roba ba ta jurewa. Duk abin da aka yi da roba sai a ɗauka ya mutu. Mafi ban mamaki shi ne wani WB-57 da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ɗauko, wanda aka ajiye a 1972 ya sake tashi a 2013.

Wasu kuma ana tayar da su ne don a harbo su. Ana gyara tsohon jirgin yaƙi har ya iya tashi, a sa masa na'urar sarrafawa daga ƙasa, a shafa wa jelarsa da bakin fukafukansa fenti ruwan lemo, ya zama abin bara ga masu gwajin makamai masu linzami. An daɗe ana yi da F-4, wanda aka daina a Disambar 2016, aka koma mayar da F-16, kamfanin Boeing ya yi aikin, kuma na farko ya tashi ba matuƙi a Satumbar 2013 daga sansanin Tyndall a Florida. Ba a tashin farko ake hallaka shi ba. Sau da yawa makamin da ake harba masa ba shi da kan fashewa, na'urorin jikin jirgin ne ke auna tazarar da ya wuce da ita, sai jirgin ya dawo ya sauka a sake amfani da shi. Ana kuma ɗaura masa nakiya, wadda za a tayar daga ƙasa idan ya ƙwace ya nufi gari.

Sai sayarwa ko kyauta ga ƙawaye. Indunusiya ta karɓi F-16 guda 24 da aka ɗauko daga ajiya aka sabunta, an fara miƙa mata a 2014. Nijar ta karɓi C-130H daga tsofaffin jiragen Amurka a Yamai a Janairun 2021. A Turai, Norway ta sayar wa Romaniya F-16 guda 32, Denmark ta sayar wa Ajantina 24. Sai dai duk jirgin da aka ƙera a Amurka, wanda ya saya ba shi da ikon miƙa shi ga wata ƙasa sai Washington ta amince, shi ya sa ba wa Yukiren F-16 na Holan da Denmark ya jira wannan izini. Kuma kalmar kyauta a nan tana da yaudara. Jirgin ne kyauta, amma kuɗin tayar da shi, da horar da matuƙa da makanikai, da kayan gyara na shekaru, yawanci mai karɓa ne ke biya, kuma sukan fi ƙarfin ƙaramar runduna.

Kamfanoni masu zaman kansu ma sun shigo kasuwar. ATAC ya sayi Mirage F1 guda 63 daga Faransa a 2017, Top Aces ya sayi tsofaffin F-16 daga Isra'ila, Draken ya kwashi A-4 na New Zealand. Sana'arsu ita ce su yi wa sojoji kwaikwayon maƙiyi a atisaye, a biya su da awa. Akwai kuma masu mayar da jiragen soja na kashe gobarar daji, kuma a nan ne aka ga illar raina lissafin awanni. A Yunin 2002, a garin Walker na Kalifoniya, wani C-130A da aka ƙera a shekarun 1950 yana cikin zubar da sinadarin kashe wuta fukafukansa biyu suka ɓalle, mutum uku da ke ciki suka rasu. Bincike ya gano tsagun gajiyar ƙarfe a tsakiyar fiffiken, a wurin da ba a iya gani daga waje. Aikin kashe gobara, da tashi ƙasa-ƙasa cikin iska mai hargitsi da kaya mai nauyi, yana cin ran jirgi da sauri fiye da aikin da aka ƙera shi dominsa.

Akwai jiragen da ake lalatawa da gangan suna da sauran amfani. Bayan yarjejeniyar rage makaman nukiliya ta START da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka sa wa hannu a 1991, an sassare B-52 guda 365 a Tucson. Wata wuƙar ƙarfe mai nauyin kusan tan shida ake ɗagawa da injin ɗaga kaya a sako ta a kan jirgin, har sau huɗu, ta raba shi gida biyar. Sai a bar guntayen a shimfiɗe kwana 90 don taurarin ɗan'adam na Rasha su ɗauki hoto su tabbatar. Daga baya aka koma yanka da zarto, saboda wuƙar tana lalata kayan da za a iya cirewa. F-14 kuwa Iran ce ta jawo masa. A zamanin Shah, sarkin Iran na wancan lokacin, an kai wa ƙasar guda 79, kuma bayan juyin juya halin 1979 ta ci gaba da tashinsu da kayan da take samu ta bayan fage. Da rundunar ruwan Amurka ta ajiye nata a 2006, sai aka hana sayar da kayansu, aka sa injin yanka ya daddatsa mafi yawansu. Irin wannan tsoro ne ya sa Amurka ta sayi MiG-29 guda 21 daga Moldoba a 1997, don kada wani ya riga ta.

Waɗanda ake gani a gidajen tarihi da ƙofar sansani kaɗan ne ƙwarai a cikin jimilla. A Amurka yawancinsu aro ne, mallakarsu na hannun gwamnati, kuma an cire musu inji da duk abin da zai sa su sake tashi. F-117, jirgin da aka ƙera don ɓuya wa radar, shi ba a kai shi Tucson ba da aka yi masa ritaya a 2008, an kulle shi a rumfuna a Tonopah ta jihar Nebada saboda rufin jikinsa na sirri ne, kuma wasu daga ciki an ci gaba da ganinsu a sama.

Ƙasar da ba ta da hamada irin ta Arizona, ko tana da ita amma ba ta bi matakan da aka ambata ba, lissafinta daban ne. Najeriya ta sayi jiragen yaƙi samfurin Jaguar guda 18 a shekarun 1980, suka daina tashi a farkon shekarun 1990, suka daɗe a ajiye a Makurɗi, kuma ba su koma aiki ba. A wuri mai laima irin bakin Binuwai, jirgi yana buƙatar rumfa, da na'urar busar da iska ko buhunan sinadarin tsotse danshi a cikinsa, da mai leƙa shi a kan jadawali. In babu, damina biyu ko uku sun isa ruwa ya kwanta a cikinsa, tsatsa ta kama inda alminiyam ya haɗu da ƙusar ƙarfe, ɓeraye su cinye rigar wayoyi, zanzaro ya gina a bututun auna gudu.

Idan aka zo ƙarshe, jirgin aji na 4000 ana sayar da shi ga 'yan kwangilar yanka, da sharaɗin a farfasa shi a gaban jami'in gwamnati yadda babu sashen da zai sake moruwa. Kafin wuƙa ta taɓa shi sai an cire abubuwa masu cutarwa: agogunan tsofaffin jirage masu fentin radiyam, ƙarafan daidaita nauyi da aka yi da ragowar yuraniyam a wasu samfura, birki mai sinadarin beriliyam wanda ƙurarsa ke lalata huhu, tulunan gas na kashe wuta, da asbestos, wani ma'adini mai jure zafi wanda ƙurarsa ke haddasa cutar huhu. Mai yanka da wutar walda ba tare da sanin waɗannan ba yana shaƙar ajalinsa. Asbestos ɗin nan ne ya sa Ostareliya, bayan ta ajiye F-111 a Disambar 2010, ta ga kuɗin tsabtace su ya fi kuɗin ƙarfensu, ta haƙa rami a wani juji kusa da Ipswich a jihar Queensland ta binne gangar jiki 23 a 2011.

Kuɗin ƙarfen ma ba shi da yawa kamar yadda ake zato. Abin da ke da tsada shi ne taitaniyam da gaurayen nikel na cikin inji, waɗannan ana ware su daban. Alminiyam ɗin jiki kuwa iri-iri ne, wani an gauraya shi da tagulla, wani da tutiya, ga ƙusoshi da fenti, kuma da zarar an niƙa su tare ba ya komawa ƙirar jirgi, sai dai a narkar a yi sassan mota da makamantansu. A 2014 a filin jirgin Kabul, 16 daga cikin jiragen dakon kaya G222 guda 20 da Amurka ta saya wa Afghanistan a shirin da ya ci dala miliyan 486, waɗanda suka tsaya saboda rashin kayan gyara, an sayar da su ga wani kamfanin gida a kan santi shida kowace laba. Jimillar kuɗin ta kama dala 32,000.